Rumfa kafin la'asar: shawarwari ga mai neman inuwa cikin gaggawa

Buƙatar rumfa ba ta yin sallama. Ko dai an yi haihuwa, ga suna ya matso babu inda baƙi za su zauna, ko zafin Afrilu ya kori yara daga ɗaki, ko kuma ruwa ya ci gida, kamar yadda dubban iyalai suka wayi gari a fili a Maiduguri cikin Satumbar 2024 bayan madatsar Alau ta ɓalle. Mutum biyu masu himma za su iya kafa rumfa tsakanin hantsi da la'asar.

1. Duba wuri kafin ka ɗauki dagi. Nemi inda ya ɗan yi tudu, ba inda ruwa ke kwanciya ba. Matan gida sun fi kowa sanin wannan, tambaye su. Ɗaga kai ka duba wayar lantarki da busasshen reshe. Ka sa rumfar ta juya wa gabas baya, domin hadarin farkon damina daga nan ya fi tasowa, iska a gaba, ruwa a baya.

2. Tara kaya wuri guda: dirkoki shida masu gwafa, dogayen sanduna uku, tanka, igiya, da zana ko tamfol. Rassan darbejiya, itacen turare ko gora duk za su yi. In ka sami kirya ka yi dace, gara ba ta cika kusantarta ba.

3. Taku huɗu a tsawo, uku a faɗi ya ishi iyali. Ja igiya daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta a karkace, ka sake yin haka ta ɗaya ɓangaren. In awon biyu ya zo daidai, rumfarka ba za ta karkace ba.

4. Kada ka yi wa rami rowa. A nan masu gaggawa suke faɗuwa, ni ma a nan na faɗi. Ana gobe sunan 'yata ta fari na haƙa ramuka iya taƙi guda, ina cewa ai rumfar ta kwana biyu ce. Cikin dare iska ta shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta cak, da safe muka tsinci zana a gidan maƙwabta, dirka ɗaya ta fasa randa. Allah ya kiyaye babu wanda ya kwana a ciki. Iska ba ture rumfa kaɗai take yi ba, har ɗaga ta take yi sama, don haka kowane rami ya kai kamu guda, in rairayi ne a ƙara. Wajen cikewa a zuba ƙasa kaɗan-kaɗan, a yayyafa ruwa, a kirɓa da gindin taɓarya, a cusa duwatsu. Ka kama dirkar ka girgiza; in ta yi motsi, da sauran aiki. Saboda gara, a babbake gindin itacen ko a shafa masa baƙin mai kafin a binne.

5. Dirkokin gaba su fi na baya tsawo da kamar taƙi biyu. Rufin da ya kwanta shamal yana tara ruwa, tamfol ya yi tumbi, nauyinsa ya karya sanda a kan mutane.

6. Ɗauri ya fi ƙusa, musamman a gora, wadda ƙusa ke tsagawa. Tsohon tif na mota, a yanka shi siri-siri, yana kamawa gam. Igiyar rama ko ta kaba ma ta isa. Kowace mahaɗa a ɗaure ta, kada a ce nauyin rufi zai danne.

7. In tamfol ne, kada ka huda shi da wuƙa don zura igiya, daga nan yagewa take farawa. Sa ɗan dutse mai santsi kamar ƙwan zabo a kusurwar, ka dunƙule shi ciki, ka ɗaure wuyan, sannan ka ja igiyar zuwa turke. Amma tamfol shi kaɗai da rana tanderu ne. Shimfiɗa masa zana ko karan dawa a kai, ka danne da tanka. Ciki zai yi sanyi, shi ma ya daɗe rana ba ta cinye shi ba. Ta yamma kuma a rataya zana ɗaya saboda ranar la'asar.

8. Ja ɗan rami ta inda rufin ke zuba, ruwa ya bi ya fita. Murhu da fitilar kananzir su yi nisa da zana, tartsatsi ɗaya ya isa. Tsohuwar zana a kakkaɓe ta a fili kafin a ɗora, kunama na son ta. In za a kwana a ciki, a bar ƙarshen igiya huɗu suna reto daga sanduna don ɗaura gidan sauro.