Ba Kowane Kisa Ake Rataye Mutum A Kansa Ba

Idan aka yi asarar rai a Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura, abin da ake ji a majalisa shi ne: wanda ya kashe a kashe shi. Kotu kuwa ba ta gaggawar haka. Sai ta binciki abin da ke ran mutum lokacin da ya ɗaga hannu, da irin makamin da ya riƙe, da inda ya sara.

Dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, Jihar Jigawa kuma ta gaje ta, ta raba kisan da ke da laifi gida biyu. Sashe na 221 ya tanadi hukuncin kisa ga wanda ya yi nufin kashewa, ko ya san cewa abin da ya aikata galibi mutuwa yake jawowa. Wanda ya caka wa mutum wuƙa a wuya ba zai ce tsoratarwa ya nufa ba. Shari'ar Hanifa Abubakar ta Kano misali ce da kowa ya sani: an sace yarinya 'yar shekara 5, an ba ta guba, an binne ta a ɓoye. Babbar Kotun Kano ta yanke wa wanda ya kashe ta, Abdulmalik Tanko, hukuncin rataya ranar 28 ga Yuli, 2022.

Sashe na 222 shi ne na kisan da ba a kashe mutum a kansa. Nan ne ake samun wanda aka harzuƙa nan take har hankalinsa ya gushe, da wanda ya wuce gona da iri wajen kare kansa, da faɗan da ya ɓarke ba shiri, da mutuwar da sakaci ya jawo. Hukuncinsu yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai, yana iya zama ƙasa da haka.

To amma a lura da sharaɗin "nan take", domin a kansa mutane da yawa ke faɗuwa. A ce shanu sun shiga gonar gero a ƙasar Gwiwa, cacar baki ta kai ga sanduna, ɗaya ya faɗi bai tashi ba. Wannan yana iya shiga sashe na 222. Idan kuwa manomin ya koma gida ya kwana, ya wasa adda, ya bi sawun makiyayin har ruga, zuciya ta riga ta huce a idon doka, abin ya zama shiri. Haka ma kare kai yana da iyaka. A Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan Sunday Jackson, manomi daga Adamawa, bisa hujjar cewa ya riga ya ƙwace wuƙar wanda ya far masa kafin ya soke shi. Hukuncin ya jawo surutu ƙwarai, kuma da dalili, don wanda ke kokawar ceton ransa ba ya awon bugu.

Mazhabar Malikiyya, wadda Jigawa ta mayar da hukunce-hukuncenta cikin doka a 2000, tana da nata rabon: ganganci da kuskure. A ganganci akwai ƙisasi, sai dai magada suna iya yafewa, a yi wa mai laifin bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Kisan gilla kuwa, wato a yaudari mutum a kashe shi, ba ya yafuwa. A kuskure diyya ce, raƙuma 100 ko dinari 1,000, dangin mai kisan na wajen uba su haɗa, shi kuma ya yi kaffara.

Hanyoyin biyu sun taɓa karo. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mai suna Tsoho Gubba hukuncin kisa, a 1947 kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke, domin dokar Turawa tana sassauta wa wanda aka harzuƙa, Malikiyya kuwa ba ta ɗauki fushi uzuri ba.

Saboda haka idan aka yi asarar rai, kada jama'a su ɗauki doka a hannunsu, kada a taɓa makamin, kada a kwashe gawa kafin 'yan sanda su iso. Wanda ya gani da idonsa ya je ya ba da shaida yadda abin ya faru daki-daki, domin da bakinsa alƙali zai gane sashen da laifin ya faɗa.