Darasin Kimiyya: Daga Igiyar Ruwa Zuwa Igiyar Rediyo

Idan yaro ya jefa tsakuwa cikin tafki, ruwan yakan yi zobe-zobe. Zoben yakan fara ƙarami, ya yi ta faɗaɗa har ya kai gaɓa. Wannan ita ake kira igiyar ruwa.

In akwai ganye a kan ruwan, igiyar ba ta tafiya da shi. Ganyen zai ɗaga sama, ya sauko, ya tsaya a inda yake. Ashe ba ruwan ne ke tafiya ba, motsin ne kawai ke wucewa.

Yadda rediyo ke kama magana

Haka gidan rediyo ke aiki. Wutar lantarki tana kai da komo da sauri cikin dogon ƙarfen tashar. Wannan motsi shi ke haifar da igiyar da ido ba ya gani. Tana bazuwa ko'ina kamar zoben tafki, tana ɗauke da muryar mai magana. Eriyar rediyo ita ce kamar ganyen nan. In igiyar ta taɓa ta, sai 'yar wuta kaɗan ta motsa a cikinta, akwatin ya mayar da ita murya.

Wani Bajamushe mai suna Heinrich Hertz ne ya tabbatar da wannan igiya a shekarar 1887, ta hanyar tartsatsin wutar lantarki. A 1901 kuma Marconi, mutumin Italiya, ya aika da saƙo da ita daga Ingila zuwa Kanada, ta tsallake teku ba tare da waya ba.

Ma'anar mita 49

A tafki akwai tazara tsakanin zobe da zobe. Igiyar rediyo ma haka take. In an ce tasha tana kan mita 49 a gajeren zango, ana nufin tazarar da ke tsakanin igiya da mai bi mata, wato kusan rabin tsawon filin ƙwallo. Ta zangon FM kuwa kusan mita 3 ce.

Amfanin wannan sani ga manomi

Walƙiya babban tartsatsi ne, ita ma tana watsa irin wannan igiya. Shi ya sa da damina rediyo kan yi ƙara ƙaf-ƙaf a matsakaicin zango, ko da hadarin yana nesa.

Haske da igiyar rediyo suna gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Ƙara kuwa mita 340 kacal take yi. Don haka ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa. In an ga walƙiya, sai a fara ƙirga daƙiƙa. Duk daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In ƙirgen bai kai 30 ba aka ji tsawa, to aradu na iya faɗowa a wurin. A bar gona, a fita daga ruwa, a shiga ɗaki. Kada a fake ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ke faruwa da ganye idan igiyar ruwa ta wuce?
2. Mece ce ma'anar mita 49?
3. An ga walƙiya, aka ƙirga daƙiƙa 9 kafin a ji tsawa. Kilomita nawa ne nisanta?