Darasi: Lita Ɗaya, Kilomita Nawa?

'Yan'uwa manoma, idan ƙungiya za ta sayi babur, tambayar farko ita ce shan mai. Mai sayarwa zai buɗe takardar kamfani ya nuna muku lamba, ya ce lita ɗaya tana kai kilomita kaza. Sai kwamiti ya yanka kuɗin mai na wata bisa ga wannan lamba. Kafin wata ya ƙare kuɗin ya ƙare. Daga nan sai a soma yi wa mai tuƙin babur wani irin kallo, alhali sau da yawa bai taɓa ko kwabo ba. Tun da aka janye tallafin mai a Nijeriya a shekarar 2023, wannan kuskure ya ƙara tsada. Saboda haka bari mu koyi inda lambar nan take fitowa.

Za mu ɗauki misali daga manyan baburan doguwar tafiya, irin waɗanda ake hawa a Amurka da Turai da Japan, domin a kansu ne bambancin ya fi fitowa fili. Akwai wani da ake kira Honda Gold Wing. Wanda aka fitar a 2018 yana da silinda shida, nauyinsa ya wuce kilo 350, tankinsa kuwa yana cin lita 21. A Japan kamfanin ya buga lamba biyu domin wannan babur guda: kilomita 27 a lita ɗaya, da kuma wajen kilomita 18. Ku yi lissafi. Da lamba ta fari cikakken tanki zai kai kilomita 567. Da ta biyu, 378. Abin da ke tsakani ya fi nisan Kano zuwa Zariya.

To, wace ce ƙarya? Babu. Kowace lamba amsar gwajinta ce. A gwaji na fari ana tuƙa babur a shimfiɗaɗɗiyar hanya da gudun kilomita 60 a awa, ba ƙari ba ragi, ba tsayawa. Gwaji na biyu shi ake kira WMTC, wanda ƙasashe suka amince da shi a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2005. A nan ana ta da inji da sanyinsa, a tashi, a tsaya, a ƙara wuta, har manyan babura su kai kilomita 125 a awa. Wannan ya fi kusa da gaskiya. Amma ku lura, a cikin ɗaki ake yinsa, tayar babur tana juyawa a kan wani ƙarfe mai mirginawa. Babu tudu, babu iskar hunturu mai dūkan ƙirji, babu buhu a baya.

Babban ɓarawon mai a kan kwalta shi ne iska. Wanda ya taɓa ɗaukar kwanon rufi a ka ranar da ake iska ya san abin da nake nufi. Idan ka ninka gudunka sau biyu, turin da iska take yi maka ba sau biyu yake ƙaruwa ba, sau huɗu ne. Ko daga 100 zuwa 120 kaɗai, turin yana ƙaruwa da kusan rabi. Shi ya sa mai babban babur da ya ɗauko matarsa, ya cika akwatuna, ya buɗe wuta a babbar hanya, ba zai ga kilomita 27 ba ko a mafarki.

Kada wani ya ce wannan zancen masu kuɗi ne. Ƙaramin Honda Super Cub mai inji 50 na shekarar 2017, an rubuta masa kilomita 105 a lita, amma da gudun 30 a awa ne aka samo ta. A gwajin WMTC ya ba da wajen 69. Baburanmu na ƙauye ma haka ne, sai dai mu namu ɓarayin sun fi yawa. Rairayi da laka suna tilasta ka zauna a giya ta ɗaya ko ta biyu, inji yana ta kuka, tafiya kaɗan. Buhun taki biyu kilo 100 ne, ban da mai tuƙi. Taya marar isasshiyar iska tana jan ƙasa. Ƙurar rani tana toshe matatar iska, sai kafireto ya riƙa tura mai fiye da kima. Busasshiyar sarƙa da birki mai kamawa su ma suna cin rabonsu. A ganina taya da matatar iska ne aka fi sakaci da su, ga shi kuwa gyaransu ya fi kowane araha.

Ga yadda za ku auna da kanku. Ku cika tanki har wuya, babur yana tsaye daidai, ku rubuta lambar da ke kan agogon tafiya. A yi aiki yadda aka saba, kada a lallaɓa domin ana gwaji. In an koma gidan mai a sāke cikawa har wuya, a rubuta lita nawa ya sha da sabuwar lambar agogo. Ku raba kilomita da lita. Misali, in an yi kilomita 280 ya sha lita 8, lita ɗaya ta ba ku 35 ke nan. Kada ku auna da man kwalba na bakin hanya, gama ba kowace kwalba ce lita ba. In agogon ya mutu, kamar yadda na yawancinmu suke, ku zaɓi hanyar da kuka san nisanta, ku ƙirga zuwa da dawowa.

Gwaji ɗaya bai isa ba. A yi sau uku ko huɗu, a haɗa kilomita duka, a raba da lita duka. A kuma yi na rani dabam, na damina dabam, gama hanyar ba ɗaya ba ce.

Aikin wannan wata: magatakarda ya sayi ƙaramin littafi, ya ja layi huɗu, na kwanan wata, da lambar agogo, da lita, da irin kayan da aka ɗauka. Littafin ya zauna tare da babur. A taro mai zuwa ma'aji ya karanta lambar da aka samu a gaban kowa, sa'an nan a yanka kuɗin mai bisa gare ta.