Darasi: Tsuntsayen Damagaram, kallo da rubutu da hoto

A Damagaram ba sai an shiga daji ake ganin tsuntsu ba. Hankaka yana bisa juji. Shirwa tana yawo saman kasuwa. Hasbiya tana kan soro cikin Birni. Balbela tana bin shanu bakin gari, da marece ta dawo kwana bisa itace. Waɗannan ƴan gida ne, rani da damana suna nan. A ƙasar Nijar duka an ƙidaya tsuntsu sama da iri 500.

Akwai kuma baƙi. Babbar baƙuwa ita ce shamuwa. Baƙa ce, cikinta fari. Tana isowa wajen watan Mayu, gaban ruwa. Shi ya sa manomi in ya gan ta sai ya duba irinsa da kalminsa. Tana yin sheƙa bisa manyan itatuwa a tsakiyar gari, kusa da mutane, ba ta tsoro. Abincinta fara da tsutsa. Ke nan tana taya manomi tsaron hatsi, ba a biyan ta ko dala.

In kaka ta wuce, ina take zuwa? Da can sai dai zato. A farkon shekarun 2000 masu bincike daga ƙasar Danmak sun ɗaura wa wasu shamuwoyin kudancin Nijar ƴar na'ura a baya. Tauraron ɗan'adam ya bi sawunsu. Aka ga suna tashi wajen watan Nuwamba, su sauka Tanzaniya, har akwai wadda ta kai Zimbabwe. Can damana suke bi. In ta ƙare su juyo gida.

Da sanyin hunturu wasu baƙin suke zuwa, daga Turai, bayan sun ƙetare teku da hamada. Cikinsu akwai agwagin ruwa da ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu. Suna sauka bakin tabki tare da kirinjijiya da zalɓe. Tabkuna biyu na jahar Damagaram sun shiga yarjejeniyar Ramsar, ta duniya, mai kare wuraren ruwa: Lasuri a 2005, Gidimuni a 2019.

Baƙi sun daɗe da sha'awar tsuntsayen ƙasar nan. A 1920 wani Bature, Angus Buchanan, ya taso daga Kano, ya biyo ta Damagaram zuwa Abzin. Da bindiga ya yi aikinsa. Ya harbi tsuntsu, ya feɗe, ya kai fatar gidan ajiya na Tring, a Ingila. Haka masana suke yi a wancan zamani. Yau ba a bukatar haka. Ido da kaye da alƙalami sun isa, sai hoto in an samu hali.

To, wane tsuntsu ne mai wuyar gani? Mutane suna zaton sai jimina. Gaskiya ne jimina ta ƙare a dajin Nijar, sai wadda ake kiwo a killace, kamar a Kelle ta ƙasar Gure, don a maida ta daji wata rana. Amma ga wata a kusa: angulu. Dattawa sun san lokacin da take cika mayanka da bakin kasuwa, har yara suna kora. Yanzu yaro yana iya girma cikin gari bai gan ta sau biyar ba. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa.

Abu biyu suka fi cin ta. Na ɗaya guba, wadda ake zuba wa mushe don kura ko dila ko karnuka. Angulu ta ci ta mutu, ba ɗaya ba, garke guda. Na biyu masu kama ta suna sayar da kai da ƙwai da ƙafafu ga masu magani. Ita kuwa ƙwai ɗaya take yi a shekara. In an ɗauke shi, shekarar ta tafi. Hausawa sun ce angulu ba ta jewar banza. Aikinta share mushe tun bai ruɓe ba. Inda ta ɓace, mushe yana kwana a fili, ƙuda da karnuka su gaje shi. Wannan ba ribar kowa ba ce.

Abin takaici, ba wanda ya rubuta yawanta a unguwarsa shekara 40 da suka wuce. Sai dai a ce «da akwai da yawa». Nan ne wanda ya koyi karatu yake da aiki. Abin da aka rubuta ba ya mantuwa, kuma ma'aikatan daji suna iya aiki da shi.

Mai kallon tsuntsu yana fita da sassafe ko bayan la'asar. Ba ya sa farar riga mai ɗaukar ido. Yana zama gindin itace ko jikin dutse, ya yi shiru. Duwatsun Birni, bakin kududdufi bayan ruwa, da garaken Mirya, duk wuraren zama ne. Sai ya duba girman tsuntsu, da baki, da ƙafa, da launi, ya saurari kuka. Ya rubuta rana, da wuri, da suna, da yawa. In bai san sunan ba, kada ya ƙaga. Ya tambayi makiyayi ko tsohon maharbi.

Mai salula yana iya ɗaukar hoto. Ya ba rana baya, don haske ya faɗa kan tsuntsu. Ya jingina hannu ga bango kada ya yi rawa. Kada ya bi tsuntsu, ya bari tsuntsu ya zo. Hoto ko bai yi kyau ba shaida ne. Amma ba a hawa itace don hoton sheƙa: uwa ta tashi, rana ta gasa ƙwai ko hankaka ya sha. Sheƙar da ke cikin gidan mutane sai an yi sallama an nemi izini. Kusa da barikin soja ba a ɗaga salula sam. Wanda ya ga sheƙar angulu kuwa, kada ya baza labari a kasuwa. Ya gaya wa ma'aikatan daji kaɗai. Dokar farauta ta 1998 ta ba su ikon kare namun daji da tsuntsaye.

Wani lokaci ana tsintar mataccen tsuntsu da zobe a ƙafa. Ba laya ba ce, ba kuma ta aljanu ba. Masu bincike ne suka sa, a wata ƙasa. A jikinta akwai lamba da adireshi. A kwafe su daidai, a haɗa da rana da wuri, a kai ofishin daji.

Aikin wannan mako: kowane ɗalibi ya zaɓi itace ɗaya a unguwarsu. Ya zauna gindinsa safiya uku. Ya rubuta tsuntsayen da suka sauka da yawansu. Ya kuma tambayi dattijo ɗaya shekarar da ya ga angulu ta ƙarshe a garin, ya kawo amsar aji.