Darasi: Masu Ba Da Dariya A Rediyo

Tun kafin zuwan rediyo, Hausawa suna da 'yan kama. Ɗan kama yakan tsaya a kasuwa ko a gidan biki. Ya kwaikwayi malami ko mawaƙi, amma zancen duk na tuwo da miya ne.

A shekarar 1962 aka buɗe gidan rediyon Kaduna. Barkwanci ya sami sabon dandali. Sai dai aikin ya ƙara wuya. A rediyo ba a ganin fuska, murya kaɗai ake ji. Shi ya sa ake haɗa hannu. Marubuci ya tsara labari, makaɗi ya buɗe fili, ɗan wasa ya ɗauki magana.

Cikin gwanayen akwai Usman Baba Pategi, mai wasan Samanja Mazan Fama. Tsohon soja ne. Yakan fito da tsawa, yana cakuɗa Hausa da Turancin bariki. A zamanin mulkin soja, wa ya isa ya yi wa mai kaki dariya? A filin Samanja kuwa an yi, har da sojojin kansu. Ya rasu a shekarar 2023.

Tambaya: Me ya sa wasan rediyo ya fi na kasuwa wuya?