Idan Kiɗa Ya Canza: Yadda Ake Sabunta Littafin Jagorar Masu Ƙirar Manhajar Waya

Gabatarwa

Kowace manhaja da ke cikin wayar hannu, ta aika kuɗi ce ko ta hira ko ta duba taswira, mutane ne suka zauna suka rubuta ta da jerin umarni waɗanda na'ura ke bi ɗaya bayan ɗaya. Masu wannan sana'a ba sa aiki da ka. Suna dogara ne ga rubutattun bayanai da ke nuna musu yadda za su yi amfani da kayan aikinsu, kuma waɗannan bayanai su ne ake kira littafin jagora. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin da ya sa irin wannan jagora take tsufa da wuri, da ɓarnar da tsufanta ke jawowa, da kuma hanyoyin da masana suka fito da su don ta riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa da abin da take bayani a kai.

Mene ne rumbun manhaja?

Magini ba ya haƙo ƙarfe ya ƙera ƙusa da kansa; saye yake yi. Haka shi ma mai ƙirar manhaja. Idan yana son manhajarsa ta ɗauki hoto ko ta ɗauko saƙo daga intanet, ba ya rubuta umarnin daga tushe. Yakan ɗauko shiryayyun umarni waɗanda wasu suka riga suka rubuta suka tara wuri guda. Wannan tarin shi ake nufi da rumbun manhaja. Kowane aiki a cikin rumbun yana da sunansa, kuma da wannan suna ake kiransa. Na'ura ba ta san kara ba: in aka kuskure harafi ɗaya a sunan, aiki ya tsaya.

Littafin jagora shi ke gaya wa mai ƙira sunan kowane aiki, da abin da za a ba shi, da abin da zai mayar. Galibi yakan zo da gajerun misalai waɗanda mai koyo zai kwafa ya gwada. Matsalar ita ce masu rumbu suna sauya shi a kai a kai, don toshe kafar ɓarayi, ko gyara kuskure, ko dacewa da sababbin wayoyi. Ita kuwa jagora ba ta sauya kanta. Idan babu wanda ya taɓa ta, za ta ci gaba da bayanin rumbun da ya riga ya shuɗe, kuma babu wata alama a fuskarta da za ta nuna haka.

Yadda jagora ke tsufa

Tarihin manhajar waya gajere ne. Kamfanin Apple ya fitar da iPhone a 2007, wayar farko mai tsarin Android kuma ta shiga kasuwa a 2008. Amma a ɗan wannan lokaci an ga sauye-sauye iri uku da suka mayar da tsofaffin jagorori abin ɓatarwa.

Na farko shi ne sauya suna. Shekara da shekaru masu ƙirar Android suna amfani da wani rumbu wanda sunayen ayyukansa ke farawa da android.support. A 2018 kamfanin Google ya sanar da sabon tsari mai suna AndroidX, ya rufe tsohon rumbun a fitowa ta 28, sunayen kuma suka koma farawa da androidx. Duk wani darasi da aka rubuta kafin wannan shekara yana ɗauke da tsofaffin sunayen.

Na biyu shi ne cire abu gaba ɗaya. Apple ya gabatar da harshen Swift a 2014. Da fitowa ta 3 ta zo a 2016, sai aka sake sunayen ayyuka masu yawan gaske, aka kuma cire alamar ++ wadda ake ƙara ɗaya a kan adadi da ita. Ɗalibin da ya kwafi misali daga littafin 2015 sai ya ga na'ura ta ƙi karɓa, alhali bai kuskure ko ɗigo ba.

Na uku, wanda ya fi haɗari, shi ne sauyin hali ba tare da sauyin suna ba. Kafin 2015, manhajar Android tana karɓar izinin amfani da kyamara ko lambobin waya ne tun lokacin da ake saka ta. Daga Android 6.0, wadda ta fito a wannan shekara, manhajar da aka gina bisa sabon tsarin dole ta nemi irin wannan izini daga mai waya yayin da take aiki. Wanda ya bi tsohuwar jagora zai ga umarninsa ya shige lafiya lau, sai manhajar ta je hannun jama'a sannan ta riƙa mutuwa da zarar an taɓa kyamara. Kuma babu damar fakewa a tsohon tsari har abada, domin daga watan Agusta na 2018 kasuwar Google Play ta daina karɓar sababbin manhajoji sai waɗanda aka gina bisa tsari na kusa-kusa.

Ɓarnar tsohuwar jagora ta fi faɗawa kan mai koyo. Gwani yakan gane da wuri cewa takardar ce ta tsufa. Ɗan koyo kuwa, musamman wanda ke koyo shi kaɗai da kuɗin data ƙalilan, kansa zai zarga. Yakan kwana uku yana neman kuskuren da ba nasa ba, wani ma ya yanke ƙauna ya bar sana'ar.

Darasi daga ilimin tsirrai

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin kimiyyar halittu, domin masana tsirrai sun daɗe suna fama da irinta tun bayan da Carl Linnaeus ya kafa tsarin suna mai kalma biyu a 1753. Tsofaffin littattafan makaranta suna kiran gawo Acacia albida, amma sunan da aka yarda da shi a yau shi ne Faidherbia albida. Kaɗanya ta tashi daga Butyrospermum parkii ta koma Vitellaria paradoxa. Bayan tarukan masana tsirrai na duniya da aka yi a Biyana a 2005 da Malbon a 2011, an bar wa itatuwan Ostareliya sunan Acacia, bagaruwa ta zama Vachellia nilotica, ɗakwara kuma Senegalia senegal.

Abubuwa uku suka hana wannan sauyi zama ruɗani. Na ɗaya, ba a goge tsohon suna. Akan ajiye shi a gefen sabon, domin wanda ya zo da tsohon a kai shi ga sabon. Na biyu, kowane suna yana tafiya da sunan wanda ya raɗa shi, kuma an san shekarar da aka wallafa shi. Na uku, kowane suna a ɗaure yake da wani busasshen samfuri da aka adana a ɗakin ajiyar tsirrai, wanda mai shakka zai iya zuwa ya duba da idonsa. Hanyoyin da masu manhaja ke bi a yau kusan waɗannan ukun ne, sai dai da wasu kayan aiki.

Hanyoyin sabunta jagora

Hanya ta farko ita ce ɗaura kowace jagora ga lambar fitowar rumbu. Akwai ƙa'idar lambobi da Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya tsara, kuma rumbuna da yawa suna bin ta. A wannan ƙa'ida, lamba kamar 2.4.1 tana da gida uku. In gidan ƙarshe ya motsa, ƙaramin kuskure aka gyara. In na tsakiya ya motsa, an ƙara sabon aiki amma tsofaffin suna nan. In na farko ya motsa, to an yi sauyin da zai iya karya manhajar da ke kan tsohon tsari. Saboda haka jagora ta gari tana faɗa a samanta cewa da fitowa kaza aka gwada ta, a rana kaza. Ranar da gidan farko ya motsa, an san dole a bi ta shafi-shafi.

Hanya ta biyu ita ce yi wa tsohon aiki tambarin ritaya kafin a cire shi. Alal misali, AsyncTask ya yi wa masu ƙirar Android hidima tun 2009, sai a 2020, da fitowar Android 11, aka sa masa wannan tambari, jagorar kuma ta nuna abin da za a koma gare shi. Haka nan lokacin ƙaura zuwa AndroidX, Google ya wallafa jadawalin tsofaffin sunaye kowanne daura da sabonsa. Wannan daidai yake da ajiye Acacia albida a gefen Faidherbia albida.

Hanya ta uku ita ce rubuta bayani a jikin umarnin kansa. Tun tsakiyar shekarun 1990 harshen Java ya zo da Javadoc, wata manhaja da ke tsince bayanan da aka rubuta a saman kowane aiki ta shirya su su zama littafi. Harshen Kotlin yana da Dokka, Apple kuma ya fito da DocC a 2021. Hikimar ita ce, wanda ya zo sauya aiki zai ga bayaninsa a gabansa, ba sai ya tuna da wata takarda a wani wuri ba. Ƙungiyoyi da yawa sun mai da shi doka cewa ba a karɓar gyaran umarni sai tare da gyaran bayaninsa.

Hanya ta huɗu, wadda ta fi sauran ƙarfi, ita ce gwada misalan jagora da na'ura. Harshen Python yana da doctest, wanda ke ɗauko misalan da ke cikin bayani ya aiwatar da su ya duba ko amsar ta yi daidai. Harshen Rust ma yana yin haka. Masu rumbunan waya sukan ajiye misalansu a matsayin ƙaramar manhaja ta gaske da ake ginawa duk lokacin da aka taɓa rumbun. In sauyi ya karya misali, na'ura za ta kai ƙara nan take, tun kafin mai koyo ya ci karo da shi. Misalin da aka gwada shi ne busasshen samfurin jagora.

Duk da haka na'ura tana da iyaka. Tana iya gane cewa misali ya daina aiki, amma ba ta gane cewa shawara ta tsufa ko hoton fuskar waya ya sauya. Don haka kowane shafi yana bukatar mutum takamaimai da aka ɗora wa alhakinsa, domin aikin kowa da kowa ba na kowa ba ne.

Aiki ga ɗalibai

Malami zai iya raba aji gida biyu. Rukuni na farko ya binciko sunayen kimiyya na itatuwa biyar a tsohon littafi da ke ɗakin karatu, ya kwatanta da sabon bugu. Rukuni na biyu ya samo darussa biyu na koyon ƙirar manhajar Android, ya duba ko sun faɗi shekara da lambar fitowa, da kuma ko android.support suke amfani da shi ko androidx. Daga nan sai a tattauna: wane darasi ne ya cancanci a amince da shi, kuma bisa wace hujja?

Kammalawa

Rumbun manhaja ba zai daina sauyawa ba, kamar yadda binciken tsirrai ba zai daina gyara sunaye ba. Abin da ke hannun marubucin jagora shi ne ya faɗi fitowar da yake magana a kai, ya bar tsohon suna yana nuni ga sabo, ya kuma sa na'ura ta riƙa gwada misalansa. Shi kuma ɗalibi, kafin ya kwafi layi ɗaya daga kowane darasi, ya fara neman shekarar da aka rubuta shi da lambar rumbun da aka gwada shi da ita. In bai same su ba, ya nemi wani darasin.