DARASIN KIWON LAFIYA: HARBIN KUNAMA DA CIZON GIZO-GIZO

Idan bazara ta kama, daga watan Maris zuwa Mayu, zafi yakan hana mutane kwana cikin ɗaki. A Baure da Babban Mutum da 'Yanduna da sauran garuruwan ƙasar Daura, sai a fito da tabarmi tsakar gida. A wannan lokaci ne kunama take yawan fitowa da dare. Haka kuma da farkon damina, in ruwa ya cika mata rami.

A shekarar 2008 masana sun yi ƙiyasi cewa kunama tana harbin mutum fiye da miliyan 1 a duniya kowace shekara. Fiye da mutum 3,000 suna mutuwa, kuma yawancinsu yara ne. Wannan darasi yana koyar da abu ɗaya babba: harbin da babba zai sha zafinsa ya warke, shi ne yake iya kashe ƙaramin yaro.

YADDA AKE GANE KUNAMA MAI HAƊARI

Kunama ba cizo take yi ba. Harbi take yi da ƙarin da ke ƙarshen wutsiyarta. A nan dafin yake.

Mutane sun fi tsoron duwu saboda girmansa da baƙinsa. Amma ba girma ko launi ake dubawa ba. Hannuwa da wutsiya ake dubawa. Kunamar da hannuwanta suke da kauri, wutsiyarta siririya, dafinta bai cika tsanani ba. Wadda hannuwanta suke sirara, wutsiyarta mai kauri, ita ce abin tsoro. Ƙaramar jar kunama tana cikin wannan kashi. Irin waɗannan sun fi yawa a ƙasa mai rairayi da ƙarancin ruwa. A ƙasar Agadas ta Jamhuriyar Nijar, harbinsu yana kashe yara. Baure kuwa tana kan iyaka da Nijar, don haka bai kamata a yi sake ba.

GIZO-GIZO FA?

Yawancin gizo-gizon da ke cikin gida ba ya cutar da mutum. Sauro da ƙuda yake ci. Amma akwai wani ƙarami mai ƙundumemen ciki, launin ƙasa-ƙasa ko baƙi, da jan tabo ko ruwan lemo a ƙarƙashin cikinsa. Yana yin saƙa a lungu mai duhu, kamar ƙarƙashin kujera, da gindin rumbu, da bayan gida. Cizonsa yana kawo zafi, da ɗaurewar jijiyoyi, da murɗar ciki, da gumi. Akwai kuma wani iri da cizonsa yake zama gyambo bayan 'yan kwanaki. Ba safai cizon gizo-gizo yake kisa ba.

Sau da yawa mutum yakan tashi da ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi, sai a ce fitsarin tautau ne. Gizo-gizo ba ya yi wa mutum fitsari. Wani lokaci wani ɗan ƙwaro ne mai ja da baƙi, wanda ke zuwa wurin fitila. In an murje shi a jiki, ruwansa yana ƙona fata. A hure shi kawai, a wanke wurin da sabulu. Wani lokaci kuma ciwo ne daga cikin jiki, wanda ke fitar da ƙuraje a jere a gefe ɗaya kawai. Wannan sai a asibiti, musamman in ya fito kusa da ido.

TAIMAKON FARKO A GIDA

1. A zaunar da mutum, a kwantar masa da hankali.
2. A wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu.
3. A cire zobe ko awarwaro tun wurin bai kumbura ba.
4. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa a ɗora. In akwai ƙanƙara, a naɗe ta a tsumma, a ɗora minti 10, a ɗauke minti 10.
5. A ba da farasitamol daidai da shekarun mutum.
6. A lura da lokacin da abin ya faru, domin ma'aikacin lafiya zai tambaya.

ABUBUWAN DA BA A YI

1. Kada a tsaga wurin da aska ko reza. Dafin ba ya fita, sai dai a sa wa wurin ƙwayar cuta.
2. Kada a tsotse da baki.
3. Kada a ɗaure hannu ko ƙafa da igiya ko roba. Ɗaurin yana hana jini gudu, yana iya lalata gaɓar.
4. Kada a ɗana wuta. Kada a zuba fetur ko kananzir ko baƙin batir.
5. Kada a yi wa yaro ɗure, ko na ruwa ko na jiƙo. In numfashinsa ba daidai ba ne, zai shaƙe.

ALAMUN HAƊARI

A ce kunama ɗaya ta harbi magidanci, irinta kuma ta harbi ɗansa mai shekara 3. Dafin da ya shiga jikinsu ɗaya ne. Amma nauyin uban ya ninka na yaron sau 4 ko 5. Uban zai kwana da zafi, gobe ya tafi gona. A jikin yaron kuwa, dafin yana iya kaiwa ga zuciya da huhu cikin 'yan awoyi.

Saboda haka, duk yaron da bai kai shekara 5 ba, in kunama ta harbe shi, a kai shi asibiti nan take. Kada a jira a ga alama. Kada a jira gari ya waye. Haka ma tsoho, da mace mai ciki, da mai ciwon zuciya.

Yaro ko babba, a garzaya da shi asibiti in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Gumi mai yawa ko dalalar miyau.
2. Amai.
3. Numfashi sama-sama, ko kumfa a baki.
4. Fizge-fizge, ko kukan da ba ya tsayawa.
5. Hannuwa da ƙafafu sun yi sanyi.
6. Gaban yaro namiji ya miƙe ya ƙi kwanciya.
7. Ciki ya ɗaure ya yi tauri.
8. Yawan barci ko suma.

A ɗauki yaro, kada a sa shi tafiya da ƙafa. In yana amai, a kwantar da shi a gefensa. A nufi asibiti mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura babban asibitin Baure ko Daura. In uba ba ya gida, uwa ta tafi da yaron, a sanar da shi daga baya. Yana da kyau kowane magidanci ya ba da wannan izini tun yau.

A ASIBITI DA BAYAN AN DAWO

A asibiti akwai allurar da ake yi a wurin harbin, mai kashe zafi. Za a duba numfashi da bugun zuciya. Ana iya yin allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora. In an ce a kwana, a kwana. Allurar dafin maciji ba ta aiki a kan dafin kunama.

Zafin harbi yakan sauka cikin kwana 1 ko 2. Wurin yana iya yin kamar ya mutu na 'yan kwanaki, sannan ya dawo daidai. Gyambon cizon gizo-gizo kuwa yakan ɗauki makonni. A riƙa wanke shi kullum, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a sosa. In ja yana faɗaɗa, ko ya yi mugunya, ko tsakiyarsa ta yi baƙi, ko zazzaɓi ya zo, a koma asibiti.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

1. A kakkaɓe takalmi da riga da tabarma kafin a yi amfani da su.
2. A kwantar da yara cikin gidan sauro, a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa.
3. A riƙa fita da tocila da takalmi da dare.
4. A janye tarin kara da itace da tubali daga wurin kwana.
5. A yaɓe tsagar bango da ramuka.
6. A hana yara cusa hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse.

TAMBAYOYI DON AJIN YAƘI DA JAHILCI

1. Wace irin kunama ce ta fi haɗari?
2. Me ya sa harbin kunama ya fi yi wa yaro illa?
3. A faɗi abubuwa 3 da ba a yi wa wanda kunama ta harba.
4. A faɗi alamun haɗari guda 4.

Wanda ya karanta wannan darasi, ya karanta wa iyalinsa da maƙwabtansa. Allah Ya tsare, amin.